Na sayi katin RAID da faifai huɗu: shin na huta da ajiye kwafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon ɗaukar bidiyon biki da tace shi. Watan jiya faifan da muke tara aiki a kansa ya mutu, ya tafi da bukukuwa uku da ba mu kai wa masu su ba. Mahaifin ɗaya daga cikin amaren har yau bai daina kirana ba, ni kuma na rasa abin da zan ce masa. Wani mai gyara ya sa na sayi katin RAID, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda ɗaya, samfurin LSI MegaRAID 9361-8i na hannu, da faifai huɗu masu tera 4 kowanne. Ya ce in aka haɗa su RAID 5 zan samu tera 12, kuma na rabu da asarar aiki har abada, ba sai na riƙa wahalar kwafa a wani wuri ba. Kayan suna hannuna, amma tsoro ya hana ni buɗe kwamfutar. Yaya zan sa katin ba tare da na ɓata komai ba? Kuma maganar tasa haka take? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya huci zuciyar masu bikin. Kafin komai, faifan nan da ya mutu kada ka ƙara jona masa wuta, kada kuma ka bari wani ya kwance murfinsa a kan teburin shago. In yana ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, duk kunnawa ɗaya ƙara karce cikinsa take yi. Ajiye shi har ka samu masu ceto bayanai na gaske.

Sa katin ba abin tsoro ba ne. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki katin, ka kuma riƙe shi ta gefe. Gurbin PCIe x8 yake so, wato dogon ramin da ake soka kati a kan madabod, babban allon cikin kwamfuta; x16 ma zai ɗauke shi. Danna shi ya zauna sosai, ka ɗaure da kusa. Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne waya. Bakunan wannan katin SFF-8643 ne guda biyu, kowanne na ɗaukar faifai huɗu, kuma wayar da ke rabuwa zuwa kawunan SATA huɗu iri biyu ce masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini. Wadda aka rubuta wa forward breakout ita ce taka. In aka ba ka reverse, katin ba zai ga ko faifai ɗaya ba, ka wuni kana zargin wanda ya sayar maka.

Sai zafi. An ƙera katin ne don saba, wato babbar kwamfutar da kamfanoni ke tara bayanai a kanta, wadda fankokinta ke hura iska daga gaba zuwa baya ba tsayawa. A akwatin kwamfutar tebur ba ya samun wannan iskar, balle a watan Afrilu a shagon da babu AC. Ɗaura masa ƙaramar fanka ta riƙa busa ƙarfen da ke kansa, ka kuma riƙa kaɗe ƙura lokacin hunturu.

Idan kwamfutar na tashi, Ctrl+R ne ke shigar da kai saitin katin. In kuwa a tsarin UEFI take, wato sabon tsarin tashin kwamfuta, za ka same shi a cikin saitin madabod. Abubuwa biyu ka kula da su a nan. Na farko, Initialize shafe faifai yake yi, don haka ka tabbata babu faifan da ke ɗauke da aiki a jone da katin a wannan lokacin. Na biyu, tsarin rubutu. Katin na da ma'ajiyar wucin gadi ta giga 1. In aka saita shi a kan Write Back, yana gaya wa Windows cewa ya gama rubutawa alhali bayanan suna cikin wannan ma'ajiyar, ba su sauka a faifai ba. In NEPA ta ɗauke wuta a daidai wannan daƙiƙar, sun tafi, sai dai in katin na da CacheVault ɗinsa mai rai, wato na'urar da ke riƙe masa wuta har ya adana abin da ke hannunsa. Katunan hannu da yawa babu ita ake sayar da su. In babu, bar shi a Write Through, wanda ke jira bayanan su sauka a faifai tukuna, ka haƙura da jinkirin. Always Write Back kuwa, wanda ke yin Write Back ko da babu CacheVault, duk wanda ya saita maka shi a garin da wuta ke zuwa tana komawa, ba masoyinka ba ne. UPS ma dole ce. Bayan ka gama, in Windows ya tambaye ka tsarin raba faifai, ka zaɓi GPT, domin MBR ba ya wuce tera 2.

Ka duba faya-fayan su kansu. A 2020 aka gano cewa wasu WD Red masu tera 2 zuwa 6 na SMR ne, irin da ke jan ƙafa in aka matsa musu da rubutu mai tsawo, har kati ya ɗauka sun mutu ya fitar da su. Masu tsarin rubutu na CMR kake so, waɗanda ba su da wannan matsalar, irin su WD Red Plus, Seagate IronWolf ko Toshiba N300. In na hannu ne, jona kowanne kai tsaye a madabod ka karanta sa'o'in da ya yi yana aiki da CrystalDiskInfo kafin ya kusanci katin.

RAID 5 kuma ban yarda da shi ba a kan faifai masu wannan girman. Lissafin tera 12 ɗin daidai ne, amma ranar da faifai ɗaya ya mutu ka sa sabo, sai katin ya karanta sauran ukun kaf, tera 12 ke nan, kafin ya cike giɓin. Ko da gudun mega 150 a daƙiƙa, rubuta tera 4 ya haura sa'o'i bakwai, in kana aiki a kai kuma yana iya cin kwana. Duk tsawon lokacin nan ba ka da kariya ko kaɗan, ga faya-fayan sa'annin juna ne, rana ɗaya aka kunna su, zafi ɗaya suka sha. Takardar masu ƙera faifan tebur ma cewa take ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin kusan tera 12.5. A aikace sukan fi haka kyau, amma ni ba zan jingina bikin 'yar mutane a kan wannan ba. Da faifai huɗu, RAID 10 ko RAID 6, duka tera 8 za su ba ka. RAID 6 na jure mutuwar kowane biyu, RAID 10 ya fi saurin rubutu da saurin sake gini, amma shi biyu-biyu yake haɗa faya-fayan suna kwafar juna, in biyun da suka mutu abokan juna ne, shi ke nan. In katinka ba shi da CacheVault, ɗauki RAID 10.

Yanzu ga maganar mai gyaranka, wadda ita ce ta sa na ajiye sauran tambayoyi na ɗauki taka. Ba gaskiya ba ce. Kusan kullum sai na ji ta daga bakin wani, a shagon bidiyo, a makaranta, a kantin magani, kuma duk tushenta ɗaya: wanda ya sayar da kaya, ya karɓi kuɗin aiki, ba zai kasance a wurin ba ranar kuka. RAID abu ɗaya tak yake karewa, mutuwar faifai. Amfaninsa shi ne aiki ya ci gaba kafin ka sa sabo. Ka ga tayoyin bayan tirela da ake jerawa biyu-biyu? In ɗaya ta fashe, direba zai lallaɓa ya kai gari. Amma in motar ta kama da wuta, ko 'yan fashi suka tare ta, ko yaron mota ya sauke kaya a inda ba a ce ba, yawan tayoyi bai hana komai ba.

Katin nan ba shi da hankalin da zai bambance umarni mai kyau da na ɓarna. Duk abin da aka ce ya rubuta, nan take zai rubuta shi a dukkan faya-fayan. Yaron shagonka ya goge jakar bikin da ba ita aka ce ba, ta gogu a faifai huɗu lokaci ɗaya. Wani ya sauke manhajar tace bidiyo ta sata, ta zo da bairos ɗin da ke kulle fayiloli yana neman kuɗin fansa, katin zai rubuta kullallun fayilolin da biyayya, ya ma fi faifai ɗaya sauri. Taransfoma ta turo wuta mai ƙarfi ta ƙona abin raba wutar kwamfutar, faya-fayan huɗu duk daga gare shi suke sha. Ɓarawo ya fasa shago, akwatin zai ɗauka gaba ɗaya. Rufi ya yi yoyo da damina, a kan akwati ɗaya zai zuba. A cikin duk waɗannan, wanne RAID ya hana?

Kada ka ɗauka mu kaɗai abin ke samu. A ƙarshen 2008 wani shafin rubuce-rubuce na Amurka, JournalSpace, ya rufe gaba ɗaya. Faifai biyu suke da su masu kwafar juna, suka ɗauka shi ne kwafin ajiyarsu. Aka rubuta wani abu a kan bayanan, ya hau faifan farko da na biyu tare, rubutun da mutane suka yi shekaru suna tarawa ya salwanta. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa. Waɗanda kwafinsu ke cikin ginin nan, tare da na asalin ya ƙone.

Ni da idona na ga wanda ya fi ba ni takaici. An kira ni wani ofis, ba zan faɗi suna ba. Katinsu ya mutu, faya-fayan kuwa lafiya lau, bayanai na nan daram. Suka samo wani katin irinsa, abin da ya dace ke nan, domin tsarin haɗin a jikin faya-fayan yake rubuce. Da aka kunna, allo ya nuna an ga foreign configuration, ya ba da zaɓi biyu: Import ko Clear. Import ne ke dawo da komai yadda yake. Mai gyaran da suka ɗauko ya ga kalmar foreign, ya ce ai baƙon abu ne ya shiga, ya danna Clear. Da ya ga faya-fayan sun zama kamar sababbi, sai ya ƙirƙiri sabon haɗi, ya sa masa cikakken Initialize, ya fita cin abinci. Lokacin da na iso, layin da ke nuna ci gaban shafewar ya wuce rabi yana tafiya a hankali, akawun ofishin na tsaye a bayana da faifan waje a hannu, wanda aka saya tun bara don kwafi, ko ledarsa ba a yage ba. Na tambaye shi me ya hana a yi amfani da shi. Ya ce an gaya musu tunda akwai RAID babu buƙata. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, kuma mai gyaran har kuɗin mota ya nema.

Akwai wani salon kuma da ke kashe mutane a hankali. Faifai ɗaya ya mutu, kwamfuta ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, don haka babu wanda ya sani. Ko katin ya fara ƙara, wani ya ce ya dame shi, aka kashe ƙararrawar aka ci gaba da harka. Bayan wata biyar na biyu ya bi sahu, sai a zo ana cewa RAID ɗin ya lalace rana ɗaya. Sa manhajar StorCLI, ka riƙa buga storcli /c0/vall show duk ranar Asabar. In ka ga Optl, lafiya. In ka ga Dgrd, ranar za ka nemi faifai, ba bayan Sallah ba. Ka bar Patrol Read da Consistency Check a kunne, su ne ke zagayawa suna gano wurin da ya ruɓe tun ana iya gyara shi.

Abin da zai hana ka sake tsayawa gaban mahaifin amarya kana sosa ƙeya shi ne kwafi uku na kowane biki, ɗaya daga ciki kuma ba a shagon yake kwana ba. A aikinka abin ba wuya. Kada a goge katin kyamara sai bidiyon ya sauka a wuri biyu. Na farko RAID ɗin, na biyu faifan waje da ake jonawa a kwafa a kuma zare. Zarewar nan ita ce maganar, domin faifan da ke jone dare da rana, bairos da wutar taransfoma duk za su same shi. Na uku, wani faifan wajen da kake tafiya da shi gida, kana musanya su duk mako. Ɗora ɗanyen bidiyo a intanet da kuɗin data ɗinmu ba kowa zai iya ba, amma wanda aka gama tacewa ƙarami ne, shi ka ɗora.

In ka ce kuɗi sun ƙare a kan kati da faifai huɗu, to kada ka zuba huɗun duka a ciki. Haɗa biyu RAID 1, wato su riƙa kwafar juna, ka samu tera 4 na aiki, sauran biyun ka saya musu gidan USB su zama na kwafi. Na san mai gyaranka zai ce an yi asarar tera 8. Bar shi ya faɗa. Kuma sau ɗaya a wata ka ɗauko faifan gidan, ka jona shi a wata kwamfutar daban, ka buɗe biki ɗaya ka kalla daga ɗaurin aure har kai amarya, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma na sha ganin faifan kwafi da aka buɗe ranar buƙata aka tarar da jakunkuna babu komai a ciki.

Kafin ka danna Initialize, rubuta lambar jikin kowane faifai a takarda tare da lambar wayar da ke jone da shi, ka manna a cikin murfin akwatin. Ranar da katin ya ce na biyu ya mutu, kada hannunka ya zaro na uku.