Me ya sa VS Code ke tura aikina da asusun da ban zaɓa ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta manhaja da VS Code, kuma ina da asusu biyu a GitHub, ɗaya nawa na kaina, ɗaya na wurin aiki. Tun da na fara taɓa aikin ofis a kwamfutata, duk sanda na danna maɓallin turawa sai ya ƙi, ya ce ba a ba asusuna na kaina izini ba, alhali na riga na mayar da `user.name` da `user.email` zuwa na ofis. In kuma na shiga sabar ofis, wato babbar kwamfutar ofis da ake shiga daga nesa, ta Remote SSH, can ma wata rigima ce: Git ya ce bai san ko ni wane ne ba, turawa kuma ta ƙare da `Permission denied`. Har cire editan na yi na sake sakawa, babu abin da ya canza. Don Allah a ina wannan saiti yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sake saka editan bai yi maka magani ba domin ba a cikinsa ciwon yake ba. VS Code ba shi da wani Git nasa na daban, wato manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen aiki tana tura su. In ka danna maɓallin turawa, umarnin `git push` yake miƙa wa Git ɗin da ke kan na'urar, shi kuma Git ya karanta nasa fayilolin, ya nemi SSH (hanyar haɗi mai tsaro da ke tantance mutum da mabuɗi) ko ma'ajiyar kalmomin sirri ta kwamfutar su gabatar da kai. Kana iya ganin haka da idonka: buɗe sashen Output a ƙasan editan, ka zaɓi Git, za ka ga kowane umarni da ya aika da amsar da ta dawo. Duk wanda ya saba leƙa wurin nan ya rage wa kansa rabin wahala, don saƙon da ke faɗowa a kusurwar allo guntu ne, cikakken bayanin yana can.

Mu fara da abin da ka riga ka canza. `user.name` da `user.email` ba su buɗe maka ƙofar kowa. Rubutu ne kawai da Git ke liƙawa a jikin kowane ajiyayyen canji domin a san wanda ya yi shi, kamar sunan mai aikawa a bayan ambulan: kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, ba da shi ake tantance mutum ba. Tun yadda Linus Torvalds ya tsara Git a 2005 haka abin yake, sa suna a kan aiki daban, tabbatar da izinin turawa daban. Shi ya sa ka sa imel ɗin ofis amma GitHub ya ci gaba da ganinka da asusunka na kanka.

Abin da ke yanke hukunci shi ne adireshin ma'ajin nesa, wato kwafin aikin da ke GitHub, da kuma shaidar da ke tafiya tare da shi. Shiga foldar aikin a taminal ka rubuta:

```
git remote -v
```

Za ka ga sunan `origin` da adireshi a gabansa. Wannan adireshi yana zaune ne a fayil ɗin `.git/config` na wannan aikin kaɗai. Dubi farkonsa da kyau. In da `https://` ya fara, hanya ɗaya ce. In da `git@github.com:` ya fara, wata hanya ce daban, kuma gyaransu ba ɗaya ba ne.

Daga yadda ka bayyana saƙon, na fi zaton `https://` ne. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirrin asusu wajen turawa da jawowa, sai dai tokin, wato wata doguwar lambar sirri da ke maye gurbinta. Ranar da ka fara shiga da asusunka na kanka, wata ƙaramar manhaja da ke zuwa tare da Git a Windows, mai suna Git Credential Manager, ta karɓo tokin ta adana shi a Credential Manager na Windows ƙarƙashin `git:https://github.com`. A kwamfutar Mac, Keychain ke riƙe shi. To, ajiyar an yi ta ne da sunan github.com gaba ɗaya, ba da sunan wani aiki ba, saboda haka kowane ma'aji ka nufa a can, tokin guda ake miƙawa. Editan ma yana da ɗan hannu a nan: in Git bai sami komai a ajiye ba, VS Code na iya miƙa asusun da ka shiga da shi ta alamar Accounts da ke ƙasa ta hagu. Ka duba wanne ne a wurin.

Gyara mafi sauri shi ne ka sa sunan asusun cikin adireshin, don a ware wa kowanne ajiyarsa:

```
git remote set-url origin https://asusun-aiki@github.com/kamfani/manhaja.git
```

Turawa ta gaba za a nemi ka shiga, sai ka shiga da na ofis. Sunan asusu kaɗai za ka sa. Akwai masu cusa tokin ɗin kansa cikin adireshin don kada a riƙa tambayarsu, kuma wannan ganganci ne babba, domin yana zama a fili cikin `.git/config`, duk wanda ya kwafi foldar ko ya ga hoton allonka ya samu.

Amma ni, ga mai asusu biyu da kuma saba, SSH nake ba da shawara, ko da yake shirya shi ya fi ɗaukar lokaci a rana ta farko. Dalilina shi ne komai nasa a rubuce yake a fayil guda da za ka iya buɗewa ka karanta, ba a ɓoye cikin wata taga ba. Ƙirƙiri mabuɗi na musamman don aiki:

```
ssh-keygen -t ed25519 -f ~/.ssh/id_aiki
```

Zai nemi ka sa wa mabuɗin kalmar sirri, ka sa. Fayil biyu za su fito. `id_aiki.pub` shi ne na fili, shi za ka kwafa ka liƙa a saitin SSH na asusun ofis a GitHub. `id_aiki` marar wutsiya shi ne na sirri, ba ya barin kwamfutarka har abada. Dole ne kowane asusu ya sami nasa mabuɗin, don GitHub ba ya yarda a ɗaura mabuɗi ɗaya a asusu biyu.

A nan ne mutane da yawa ke sake faɗawa ramin da suka fito. Ta SSH, kowa da sunan `git` yake shiga GitHub, ni da kai da kowa. Ba a tambayar sunan asusunka ko kaɗan, mabuɗin da ka gabatar shi ke faɗin ko kai wane ne. SSH kuwa in yana da mabuɗai da yawa a hannu, jera su yake yi ɗaya bayan ɗaya, GitHub ya karɓi na farkon da ya gane. In naka na kanka ne ya riga, an shigar da kai a matsayin wancan asusun, sai a ƙi turawar, ga mabuɗin ofis nan a ajiye ba a ko kai kansa ba. Maganin yana cikin fayil ɗin `~/.ssh/config`:

```
Host github-aiki
    HostName github.com
    User git
    IdentityFile ~/.ssh/id_aiki
    IdentitiesOnly yes
```

`github-aiki` laƙabi ne da kai ka raɗa, babu wata saba mai wannan suna. Layin ƙarshe shi ne mai muhimmanci, shi ke hana SSH miƙa wani mabuɗi ban da wanda ka ambata. Sai ka mayar da adireshin aikin ofis kan laƙabin:

```
git remote set-url origin git@github-aiki:kamfani/manhaja.git
```

Kafin ka koma editan, gwada `ssh -T git@github-aiki`. GitHub zai gaishe ka da sunan asusun da ya gane. In sunan ofis ya fito, an gama, maɓallin editan zai yi aiki ba tare da ka taɓa saitinsa ko ɗaya ba. In haɗin ya tsaya cik bai ce komai ba, wataƙila hanyar intanet ɗin da kake kai ta toshe tasha ta 22. GitHub na karɓar SSH ta tasha 443, sai ka mayar da `HostName` zuwa `ssh.github.com` ka ƙara layin `Port 443`.

Maganar suna da imel kuma, kada ka zauna kana canza su da hannu kullum, wata rana za ka manta. Git na karanta saiti hawa uku: na kwamfuta gaba ɗaya, naka na mai amfani a `~/.gitconfig`, da na aikin kansa, kuma na kusa shi ke rinjaye. Tun fitowar Git 2.13 a 2017 ana iya cewa duk aikin da ke ƙarƙashin wata folda ya ɗauki wani saiti. Tara ayyukan ofis a folda guda, ka ƙara wannan a ƙarshen `~/.gitconfig`:

```
[includeIf "gitdir:~/aiki/"]
    path = ~/.gitconfig-aiki
```

A cikin `.gitconfig-aiki` sai ka rubuta suna da imel na ofis. Kula da karan `/` da ke ƙarshen sunan foldar, shi ke sa dokar ta shafi duk abin da ke ciki. Kuma a ƙarshen fayil ɗin na ce, don abin da aka karanta daga baya shi ke danne na farko. Duk ranar da ka rasa inda wani saiti ya fito, `git config --list --show-origin` zai jero kowanne da fayil ɗin da ya haife shi. Canje-canjen da ka riga ka tura da imel ɗin da ba daidai ba, ka bar su yadda suke, sake rubuta tarihin da abokan aiki suka riga suka jawo ya fi imel ɗin ɓarna. In na ƙarshe ne kuma ba ka tura ba, `git commit --amend --reset-author --no-edit` ya isa.

Yanzu sabar. Da ka haɗu ta Remote SSH, tagar ce kawai ke kan kwamfutarka. Editan yana girka wani ɓangare nasa a can cikin foldar `~/.vscode-server`, kuma taminal da Git da fayilolin duk na sabar ne. Dubi kusurwar ƙasa ta hagu, in ka ga SSH da sunan sabar, to ba a gida kake ba. Git na can bai taɓa ganin `.gitconfig` ɗinka ba, shi ya sa yake tambayar ko kai wane ne, sai ka sa masa suna da imel a can ɗin. Haka ma mabuɗinka da laƙabin `github-aiki`, babu su a can. Mabuɗin da ya shigar da kai sabar aikinsa ya ƙare a bakin sabar, daga nan zuwa GitHub wata tafiya ce mai neman tata shaidar.

Abin da zai fara zo maka a rai shi ne kwafe `id_aiki` zuwa sabar. Kada ka yi, ina roƙonka. Duk mai ikon root, wato cikakken iko, a wannan na'ura zai iya karanta fayil ɗin, kuma kwafin da ya fita ba ya dawowa. Hanya biyu ce mai kyau. Ko dai ka ƙirƙiri sabon mabuɗi a kan sabar ka yi masa rajista daban, ta yadda ranar da aka daina amfani da sabar za ka soke shi shi kaɗai. Ko kuma ka ƙara `ForwardAgent yes` ƙarƙashin sunan sabar a `~/.ssh/config` na kwamfutarka, sabar ta riƙa neman sa hannu daga wajenka ba tare da mabuɗin ya motsa ba. Wannan ta biyun tana buƙatar `ssh-agent`, manhajar da ke riƙe mabuɗai, na aiki a kwamfutarka kuma ka loda mabuɗin da `ssh-add`. A Windows a kashe yake zuwa, sai ka kunna shi da kanka. Ka tabbatar da `ssh-add -l` a taminal ɗin sabar, kuma ka ga mabuɗin ofis kaɗai a jerin, in ba haka ba matsalar mabuɗin da ya riga ta biyo ka can. Ita ma tana da haɗarinta: muddin kana haɗe, mai ikon root na iya amfani da mabuɗin naka. Saboda haka a sabar da ka amince da masu kula da ita kaɗai za ka kunna, ba a ƙarƙashin `Host *` ba. In sabar aikinta jawo ma'aji guda ne kawai, ka nemi mai kula da ma'ajin ya ɗaura mata mabuɗin da ya tsaya kan wannan ma'aji, na karatu kawai. Ya fi duka aminci.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ka bayan izini ya daidaita: maɓallin Sync jawowa yake fara yi sannan ya tura. In aka ƙi turawarka da kalmar `rejected` da `fetch first` ko `non-fast-forward`, ba maganar mabuɗi ba ce kuma, wani ne ya riga ka tura canji a wannan reshe. Kunna `git.autofetch` a saitin editan don ka riƙa ganin adadin canje-canjen da ke jiranka kafin ka fara aiki, ka jawo su, ka warware inda aka yi karo, sannan ka tura. Kada ka kai hannu ga `--force` a reshen da kuke tarayya da wasu, yana share aikinsu daga ma'ajin. In reshen naka ne kai kaɗai kuma dole sai an danne, yi amfani da `--force-with-lease`, wanda zai ƙi turawa in reshen nesa ya motsa daga yadda ka san shi. Sai dai ka lura, jawowar da `git.autofetch` ke yi a bayan fage tana sabunta wannan sanin ba tare da ka duba ba, don haka ka leƙa `git log origin/sunan-reshe` da idonka kafin ka danna.