Amsoshin Tambayoyinku: Wane Gida Ne Ba Zai Riƙa Cin Kuɗina Ba Bayan Na Tare?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Dillali ya nuna mini gidaje biyu da kuɗina za su iya saya, wato wani tsohon gidan ƙasa mai faɗi a cikin birni, da wani ƙaramin gidan bulo mai ɗaki biyu da falo a sabuwar unguwa a bayan gari. Wanne ne ya fi sauƙin riƙewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. A ƙasarmu ruwa ne ya fi komai cin kuɗin mai gida, ko dai wanda ke saukowa daga sama, ko wanda ke tasowa daga ƙasa, ko kuma wanda za a saya domin amfanin yau da kullum, don haka da shi ya kamata ka auna gidajen nan biyu.

Gidan ƙasa yana da sanyi a watannin Afrilu da Mayu, kuma kayan gyaransa suna da araha, sai dai ba ya yarda a manta da shi ko da shekara guda. Kafin kowace damina sai an yi yaɓe, an share indararo, an kuma duba azara saboda gara. Idan rufin soro ne, leda ɗaya da ta toshe indararo ta isa ta sa ruwa ya kwanta a sama, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi har azara ta fara lanƙwashewa. Magina masu sanin aikin makuba, wato shafen bango na gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, kuwa sai raguwa suke yi, abin da ya sa mutane da yawa suke shafe bangon ƙasa da siminti. Wannan shafe yakan ɓoye danshi a ciki, saboda haka ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da hannu. Duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, simintin ya rabu da ƙasa, kuma wata rana zai zubo gaba ɗaya.

Gidan bulo yakan yi shekaru bai nemi komai ba, amma ranar da ya nema, da yawa yake nema: canjin kwano da silin, fenti, yashe sokawe, ko gyaran wayoyin lantarki. Gidajen da aka gina domin sayarwa su ne suka fi ba ni tsoro, domin sau da yawa ana tsuke siminti a wajen buga bulo. Ka sa ƙusa ka karci katanga a inda ba a yi filasta ba, idan yashi ya zubo da sauƙi, ka san abin da ke jiranka. Ka kuma duba gindin bango daga ciki, domin fenti mai kumbura da farin gishiri alama ce ta danshi, kuma gyaransa yana da tsada. Bayan haka akwai ɗawainiyar sabuwar unguwa, inda galibi ruwan famfo bai kai ba, sai mutum ya dogara da 'yan garuwa ko ya haƙa burtsatse, ga kuma karo-karon taransifoma da na masu gadi.

Shawarata ga mai albashi ita ce gidan bulon, da sharaɗin ka je ka gan shi a watan Agusta bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, tare da maginin da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya kawo ba. Idan gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, ka tuna cewa a ƙarƙashin Dokar Filaye ta 1978 akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara, don haka ka bincika a ofishin KANGIS, wato hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, ko akwai bashin da ya taru kafin ka biya.

Tambaya: Ina aiki a Abuja, kuma ina son sayen fulat a gidan sama cikin rukunin gidaje, domin an ce mini babu ruwana da gyara. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, Hajiya. Za ki biya kuɗin hidima na gadi, kwashe shara, turo ruwa da man janareta, kuma wajibi ne ko kina gari ko kin yi tafiya. Ki nemi a nuna miki a rubuce abin da mazauna suka biya a shekaru biyu da suka wuce, da wanda ke da ikon ƙara kuɗin. Ki tabbatar fulat ɗin yana da mitarsa ta kati shi kaɗai, ki kuma tambaya a wane rukunin farashin wutar lantarki aka sa unguwar, domin a watan Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar rukunin A, wato na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit. Kada ki sa hannu sai yarjejeniyar ta fayyace wanda zai biya idan rufin bene ya yi yoyo, ko bututun maƙwabcin da ke samanki ya fashe ya ɓata miki silin.