Likita ya amsa: yaron riƙo da aka ce ɗan ruwa ne, da ɗalibar da ke faɗuwa a aji

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon duk a kan marayu ne da yara masu buƙata ta musamman, kuma yawancinsu daga masu riƙo da malaman makaranta suka fito.

Tambaya: Likita, ina aiki a gidan marayu. Ƙazuwa ta kama yaranmu, mu yi wa wannan magani wancan ya ɗauka.

Amsa: Malama, ba a yi wa ƙazuwa magani ɗaya bayan ɗaya. Rana guda za a shafa wa kowa maganin da likita ya rubuta, har ku masu raino, ko mai ƙaiƙayi ko marar shi, sannan a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Wanda ƙurajensa suka yi ruwa ko yake zazzaɓi, a kai shi asibiti. Kuma don Allah a daina shafa wa yara baƙin man inji.

Tambaya: Ina riƙon ɗan yayana da ya rasu, shekararsa bakwai. Tun da ya dawo hannuna yake fitsarin kwance, alhali a gidansu ba ya yi. Duka bai hana ba.

Amsa: Ba zai hana ba, Alhaji. Yaron da ya rasa uba, ya sauya gida, ya sauya shimfiɗa, fitsarin kwance na cikin hanyoyin da damuwarsa ke fitowa. A ajiye bulala, a hana yaran gida yi masa waƙa, a rage masa ruwa bayan magariba, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Amma tun da a da ya daina yanzu ya dawo, a kai fitsarinsa gwaji, domin ciwon mafitsara da ciwon sukari da sikila duk suna kawo haka. In yana yawan shan ruwa yana ramewa, kada a kwana ba a je ba.

Tambaya: Likita, ƙanwata ta rasu wurin haihuwa bayan naƙudar kwana biyu a gida, ni na ɗauki jaririn. Yanzu shekararsa uku, wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama, yawu na zuba, jikinsa yana sanƙarewa. Surukata ta ce ɗan ruwa ne, shi ya ci uwarsa. Wani mai magani ya ce a kai shi bakin kogi a ajiye a juya baya, zai rikiɗa ya koma wurin danginsa. Maigidana ya fara karkata. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba.

Amsa: Baiwar Allah, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, ki riƙe ta. Allah ya jiƙan ƙanwarki. Wannan tambayar zan tsaya a kanta, domin ba ke kaɗai ake gaya wa wannan magana ba.

Yaron nan ɗan mutum ne, ɗan ƙanwarki. In aka ajiye shi a bakin kogi ba zai zama maciji ba, ba zai zama komai ba. Mirginawa zai yi ya faɗa ruwa, ko sanyi da yunwa su kashe shi, ko dabba ta same shi, shi ya sa mai maganin ya ce a juya baya. Wannan kisan kai ne a shari'a, kisan kai ne a dokar ƙasa, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya kai yana ciki.

Amsar abin da ya same shi tana cikin tambayarki. Naƙudar kwana biyu. Idan haihuwa ta yi tsawo haka, jariri na iya rasa isasshiyar iska a ciki, kuma ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Sashen da ke sarrafa motsi ya samu rauni, shi ya sa wuya ya ƙi tsayawa, gaɓoɓi suke ƙagewa, haɗiyar yawu take yi masa wuya. Ki tambayi waɗanda suka karɓi haihuwar ko ya yi kuka da ya faɗo, ina kyautata zaton za su ce ya daɗe bai yi ba. Ita ma mahaifiyarsa doguwar naƙudar ce ta ɗauke ta, ko jini ko jijjiga ko fashewar mahaifa. Musiba ɗaya ce ta faɗa wa uwa da ɗa, ba ɗan ne ya ci uwar ba. Akwai wasu hanyoyin da yara ke samun irin wannan rauni: haihuwar bakwaini, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa, da shawarar jarirai mai tsanani a makon farko, wadda ake zama a gida ana ba da jiƙo har idon jariri ya yi ɗorawa.

Ba zan yaudare ki ba, raunin da ya riga ya samu ƙwaƙwalwa ba ya gogewa, kuma duk wanda ya ce yana da maganin da zai miƙar da shi cikin mako guda kuɗinki yake so. Sai dai raunin ba ya ƙaruwa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ƙagewar gaɓoɓi in an bar yaro kwance a ƙuryar ɗaki. Na ga yaran da aka kawo suna shekara tara ko goma, gwiwa ta lanƙwashe ta ƙi miƙewa, ɗuwawu duk gyambon kwanciya, ƙirji duk tabon tsaga. Kuɗin da aka kashe a kan tsagar da turaren da baƙin ɗan akuya da sun biya kuɗin motar zuwa asibiti na shekara guda.

Ki kai shi sashen yara na babban asibiti mafi kusa, ki ce a haɗa ki da masu gashin ƙashi. In kina Kano, akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Ƙashi na Dala. Ki zuba ido sosai ki ga yadda suke miƙe masa hannu da ƙafa, domin aikin a gida za a yi shi kullum, safe da yamma, zuwa asibitin koyo ne kawai. Ki riƙa zaunar da shi a jingine da matasai ta kowane gefe, a tsakar gida inda yara suke wasa, ki riƙa juya shi in yana kwance. Ki roƙa a gwada jinsa da ganinsa. In yana jijjiga ki faɗa, akwai magani.

Abinci kuwa, nan ne na fi jin tsoro. Kada a yi masa ɗura, kada a ba shi komai yana kwance. A zaunar da shi, kai a ɗan sunkuye, kunu mai kauri, cokali kaɗan kaɗan, a jira ya haɗiye. Yaran nan sau da yawa abin da ke kashe su shi ne abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu. In kika ga tari da zazzaɓi da numfashi sama sama, asibiti a ranar, ba washegari ba.

Wani abu kuma, ki riƙa yi masa magana. Da yawa daga cikinsu hankalinsu lafiya lau, jikin ne ya ƙi ba su haɗin kai. Ki kira sunansa ki ga ko zai bi ki da ido. In yana bi, to yana jin abin da ake faɗa a kansa.

Maigida kuma kada ki yi faɗa da shi. Ki lallaɓa ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, ya ga layin iyaye masu ɗauke da yara irin naku. Ki samu limamin unguwarku ya zauna da surukarki, ita ma ta san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Kafin nan kada ki bar yaron a hannun kowa ki yi tafiya. In kika ga ana shirin fita da shi, ki sanar da mai unguwa ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku.

Tambaya: Ɗana ya yi sanƙarau bara, ya warke, amma ya daina amsa kira, maganarsa ma tana raguwa. An ce a kai shi wanzami ya yanke linzami.

Amsa: Harshensa lafiya yake, kunnen ne. Sanƙarau na kashe ji, yaron da ba ya ji kuwa magana na zille masa. A bar wanzami, a daina ɗiga masa manja da ruwan albasa, a kai shi gwajin ji cikin gaggawa. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne a asibitocin koyarwa. In na'urar ji za ta taimaka za a gaya muku. In ba za ta yi ba, ya fara koyon maganar hannu da wuri, ku ma ku koya. Makarantar Tudun Maliki a Kano na karɓar kurame da makafi.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Wata ɗalibata 'yar aji huɗu tana faɗuwa da farfaɗiya. In ta faɗi yara su watse, kuma iyaye sun ce a cire ta don kada 'ya'yansu su ɗauka ta yawu.

Amsa: Malam, ka tara iyayen ka gaya musu likita ya ce ƙarya ne. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko ta numfashi, ko ta cin abinci a kwano ɗaya. Saƙonnin ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa na ɗan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in suna shan maganin da ya dace.

In ta faɗi, ka janye benci, ka sa mata wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, ka kwantar da ita ta gefe, ka duba agogo. Kada a danne ta. Kada a cusa mata cokali a baki, ba ta haɗiye harshenta, haƙori kawai za a karya. Kada a ɗura mata ruwa ko rubutu tana cikin jijjiga. Hayaƙin barkono da kara ƙafa a wuta kuwa, wallahi na gaji da ganin tafin ƙafar yara a ƙone, jijjigar da za ta tsaya da kanta cikin minti biyu an bar wa yaro gyambon wata uku. Idan ta wuce minti biyar, ko ta maimaita ba ta farfaɗo ba, ko ta ji rauni a ka, a ɗauke ta sai asibiti.

Ka kira iyayenta ka tambaya ko likita ya taɓa ganinta. Addu'a ba ta hana shan magani. Maganin kullum ake sha, ba sai ta faɗi ba, kuma tsayar da shi farat ɗaya yana da haɗari. Likita ne kawai zai rage shi, galibi bayan shekara biyu ba faɗuwa. A gida kada ta je rijiya ko rafi ko gaban murhu ita kaɗai. In maganin na sa ta gyangyaɗi a aji, ka rubuta wa iyayen su nuna wa likita.

Tambaya: 'Yata galahanga ce, irin masu ɗagaggen ido da ɗan gajeren wuya. Makaranta ta ƙi karɓarta, wai ba za ta gane komai ba.

Amsa: Za ta gane, a hankali take tafiya. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ki je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Ta fannin lafiya, kusan rabin yaran nan ana haifarsu da matsalar zuciya, don haka in ba a taɓa yi mata hoton zuciya ba a yi, a duba maƙoƙo da ido da kunne.

Tambaya: Maraya ne nake riƙo, ba ya zama wuri ɗaya ko na minti biyu, malamai sun gaji. Mai kemis ya ba ni maganin mura mai sa barci, in na ba shi sai mu huta.

Amsa: Ki daina daga yau, Hajiya. Gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin tun 2018, sauran masu sa barcin ma suna iya danne numfashin yaro. Ki kai shi wurin likitan yara, ki tafi da kwalbar, ki gaya masa tun yaushe kike ba shi da kuma nawa.