Amsa: Zan iya ajiye bindiga a gida saboda tsaro a Jos?

Malam, ka ce fargabar hari ta hana ka barci, kana tunanin sayen bindiga. Duk wanda ya ga rikicin Jos na 2001 ba zai ga laifinka ba.

Amma Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar kofa a bude ba. Bindigar toka sai da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda, ta farauta mai harsashi sai na Sufeto Janar. Karamar bindiga da AK-47 kuwa haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Kasa.

Masu goyon bayan mallakar bindiga suna cewa kare kai hakki ne. Ni dai abin da ke tsorata ni yara ne a gida, da ranar da zuciya ta debi mutum.

Kada ka saya a boye wajen makeri da niyyar neman takarda daga baya. Kamu ne kai tsaye. Fara ganin lauya tukuna.