Tambayoyinku: Jan Ragamar Dogaran Daji

Wasiƙun wannan makon sun zo ne daga ma'aikatan gandun namun daji. Ga amsoshin masu kula da wannan fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora mini shugabancin dogaran daji goma sha takwas. Kusan kullum muna fita sintiri, amma abin da muke tararwa bai wuce toka da wurin bandar nama ba, maharban sun daɗe da tafiya. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, in kullum toka kuke tararwa, to labarin fitarku yana riga ku isa daji. Kada ka yi saurin zargin yaranka da cin amana. Mai shagon da kuka sayi gari da mai a wurinsa jiya ya san za ku fita. Mai sayar da fetur ya sani. Dogarin da ya buga wa iyalinsa waya yana sallama, shi ma ya faɗa ba da niyya ba. Don haka ka riƙa sayen guzuri na wata guda a ajiye a sito. Hanyar da za a bi kuwa, kai da mataimakinka kaɗai za ku san ta, sauran su ji bayan mota ta tashi. Kowa ya bar wayarsa ta hannu a sansani, a tafi da oba-oba. A sauke tawaga nesa da inda aka nufa, a ƙarasa da ƙafa, domin ƙarar inji tana zuwa da nisa a daji, balle da asuba.

Sai kuma lokacin fitar. Sintirin da ake fita da hantsi a dawo da la'asar ba ya haɗuwa da maharbi, domin shi da dare yake shiga da cocilan a goshi. Ka raba mutanenka gida uku, shida-shida: wasu su kwana a daji kwana biyar zuwa bakwai, wasu su zauna cikin shiri a sansani, wasu su huta da iyalansu. Kada ka rage su ƙasa da shida. In maciji ya sari mutum ɗaya, huɗu ne za su ɗauke shi, ɗaya ya tsaya da bindiga da rediyo.

Ruwa shi ne ke yanke tsawon sintiri. Da bazara kowane mutum yana buƙatar aƙalla lita biyar a yini, wato lita 30 ga tawaga, nauyin kilo 30 ke nan kullum, ban da abinci da harsashi. Dole ka tsara hanya ta bi ta inda za a ɗebi ruwa, a kuma riƙe maganin tsarkake shi. Wannan ma riba ce, domin da rani ruwan da ya rage shi ke tara kowa. A Yankari, in ƙoramu suka ƙafe, giwa da ɓauna da gwanki duk kwarin kogin Gaji suke gangarowa, mai neman su ma can zai dosa.

Yankari ta kai murabba'in kilomita 2,244, Gashaka-Gumti kuma ta ninka ta kusan sau uku. Babu tawagar da za ta taka irin wannan fili duka, shi ya sa rubutu ya zama wajibi. Manhajar SMART da ake sa wa a wayar aiki mai GPS (na'urar nuna inda mutum yake) tana ajiye inda aka bi, tare da kowane tarkon waya, kwanson harsashi, sawun shanu da murhu da aka gani. Ƙarshen wata ka buɗe taswira ka dubi inda ƙafar yaranka ba ta taka ba. Galibi can ɓarnar take.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damun mu: gadi a lokacin salla. A watan Satumban 2012, maharban giwa sun afka wa dogaran gandun Zakuma na ƙasar Cadi a sansaninsu na Heban suna sallar asuba, aka rasa mutum shida. Allah ya jiƙan su. A daji kada kowa ya tayar da kabbara lokaci ɗaya. Biyu su tsaya gadi, in an sallame su yi tasu. Asalin wannan yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 102.

Tambaya: Mukan kama mutum da nama da bindiga a hannu, amma bayan 'yan kwanaki sai mu gan shi a kasuwa. Gwiwar yarana ta yi sanyi. Me za mu yi?

Amsa: Ɗan'uwa, yawancin irin wannan shari'a tun a daji ake faɗuwa da ita. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoto: mutumin, naman, adakar ko tarkon, yadda aka same su. A rubuta lambar GPS, domin tambayar farko da lauya zai yi ita ce ko a cikin iyakar gandu aka kama shi. A lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, a liƙa wa kowanne lamba, dogarai biyu su sa hannu. Kowane dogari ya rubuta bayaninsa shi kaɗai a ranar, kafin labari ya gauraya.

Nama yana ruɓewa, don haka a auna shi, a ɗauki hoton kai da fata da kofato don a gane dabbar, a nemi umarnin kotu kan yadda za a yi da shi. Ranar da dogari ya ɗanɗana naman shaida, shari'a ta mutu. Haka ma duka: mari ɗaya ya isa ya mayar da mai laifi wanda aka zalunta.

Ka kiyaye lokaci. Sashe na 35 na tsarin mulkin Najeriya ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. Ka kuma tabbata da dokar da za a tuhume shi. Gandun tarayya kamar Kamuku ko Tafkin Kainji yana ƙarƙashin dokar tarayya, Yankari kuwa tun 2006 ta koma hannun jihar Bauchi. Ka zauna da mai gabatar da ƙara tun kafin ranar zama, ka kuma sa dogarin da ya yi kamun ya je kotu da kansa, kai ka biya masa kuɗin mota.

Tambaya: Shin daidai ne dogarai su sa wa daji wuta da kansu?

Amsa: Daidai ne in an yi a kan kari. Daga Nuwamba zuwa farkon Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, wutar takan yi sanyi, ta ci ƙasa-ƙasa ta bar itatuwa. A share layin tare wuta tukuna, a kunna da yamma in iska ta kwanta, yanki-yanki, a bar wa dabbobi wurin fakewa. In aka bari sai Fabrairu ko Maris, gamba ta bushe ƙayau, ga iskar hunturu, wutar da wani zai sa ta cinye har manyan itatuwa. Amma ka sani, tohon da ke fitowa bayan ƙuna yana jan shanu. Kafin ka ƙyasta ashana, ka je ka ga dagaci da arɗo da sarkin baka, ka nuna musu iyaka da burtalin da za a bi, ku yi magana ido da ido.