Tambaya da Amsa: Wa Ya Zana Gidan Tarihin Musulunci na Doha?

Tambaya: Malam, da gaske ne wanda ya zana wannan ginin ba Balarabe ba ne?

Amsa: Gaskiya ne. Sunansa I. M. Pei, an haife shi a ƙasar Sin a 1917, ya tafi Amurka karatu a 1935, ya zauna can har rasuwarsa a 2019 yana da shekara 102. Shi ya zana dalar gilashin gidan tarihin Louvre a Faransa, wadda aka buɗe a 1989 bayan suka mai zafi. Abin da ya fi burge ni shi ne, da tsufansa ya zagaya ƙasashen Musulmi yana nazarin gine-ginensu, har ya sami abin koyi a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, kafin a buɗe ginin Doha a 2008.