Amsa: Ko 'yar fim tana iya rayuwa da sana'arta a ƙasa kamar Singafo?

Malama, kin tambaya ko wasan kwaikwayo na ciyar da mace a tsibirin da mutanensa ba su wuce miliyan 6 da 'yan kai ba. Yana ciyarwa, amma ta talabijin, domin finafinan sinima da ake yi a can ba su taka kara sun karya ba. Kamfanin Mediacorp, mallakar gwamnati, shi ke da tashoshin kyauta duka, kuma shi ke ɗaukar 'yan wasa a kan kwantiragi. In ya juya miki baya, to sai dai haƙuri.

Dubi Fann Wong, 'yar wasan Singafo. Da aikin sanya tufafi don tallata su ta fara, ta shiga talabijin a 1994, a 1995 ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Star Awards na karrama 'yan wasan talabijin na Singafo. Abin da ya taimake ta shi ne harshen Mandarin da ake yin wasannin tashar Channel 8 ta Mediacorp da shi, wanda ya buɗe mata kasuwar Taiwan da Sin, har ta saki kundin waƙoƙi. A 2003 ta fito tare da Jackie Chan a fim ɗin Hollywood mai suna Shanghai Knights. A ganina, wannan fim ɗin suna kawai ya ƙara mata. A wancan lokacin, tuwonta na yau da kullum a gida take samunsa, daga wasannin talabijin da tallace-tallace.